Ranar da Aka Ɗauke Mana Anjima

Jama'a, ku taya ni jaje, an yi mini sata. Ba akuya aka kwance mini ba, ba rumbu aka fasa ba, babur ɗina ma yana nan jingine a zaure tun da man fetur ya zama abin da sai an bi layi daga tashar mota har bakin kasuwa ake jin ƙamshinsa. Abin da aka ɗauke ɗan ƙarami ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma a ƙasan fuskar wayata yake zaune, ta hannun hagu. Sunansa Anjima.

Bari in faro muku daga tushe. Bara wata hukuma, wadda ba zan kama sunanta ba saboda ina da iyali, ta tara mu manoman Lafiya da kewaye ta ce an daina rabon takin zamani ta hannun mutane, tunda ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Daga yanzu ta waya za a riƙa yi. Aka ɗora mana wata manhaja mai suna Takinka. Mai Girma Sarkin Yanka Zare, Garkuwan Manoman Cikin Ofis, shi ya zo da kansa ya ƙaddamar, Allah ya ƙara wa rawaninsa tsawo. Ya yi jawabin da ko an juye masa gishirin Awe gaba ɗaya ba zai yi ɗanɗano ba, muka tafa. Aka raba wa manya lemon gwangwani a cikin rumfa, mu kuma aka raba mana rana.

Tun daga ranar ban ga taki ba, amma kada a yi wa manhajar ƙarya, ba ta taɓa zama haka kawai ba. Duk sanda na buɗe ta sai ta tare ni da fara'a: "Sabon salo ya fito! Sabunta manhajarka." A ƙasa kuma ga maɓalli biyu. Na dama ya ce Yanzu, na hagu ya ce Anjima.

To ni Babandi, da aka haife ni a garin nan aka yi mini tarbiyya, wanne kuke ganin zan danna? Kowa ya san mutumin kirki ba ya cewa a'a kai tsaye. Mai tallan maganin basir ya tare ka, ka ce masa anjima. Surukinka ya zo aron injin feshi alhali na bara ya dawo da shi ba murfi, ka ce masa anjima. Shi ya gane, kai ka gane, an rabu da mutunci. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Amma ita wannan manhaja ba ta da kunya ko ta sisin kwabo. Ka ce mata anjima da safe, da azahar ta dawo kamar ba ita ba.

Kuma in faɗi gaskiya, daɗin danna shi nake ji. Tun ina saurayi manya ke ce mini anjima. Famfon unguwarmu anjima. Kwalbatin da ruwa ya cinye a hanyar gonata anjima. Wuta kuwa ba ta ma tsayawa ta faɗa, ɗauke kai take yi. Sai ga shi rana tsaka an miƙa wa talaka wuri guda a duniya inda shi ma zai dubi hukuma ya ce mata anjima, ba a kama shi ba. Wani lokaci ba ni da abin yi a cikin manhajar, buɗe ta kawai nake yi don in danna, in ji ni ma na zama wani abu.

Ranar Litinin da safe na buɗe, na kai yatsa hagu kamar yadda na saba, yatsa ya faɗa wayam. Babu Anjima. Na juya wayar, na girgiza ta, na goge fuskarta da bakin riga. Maɓalli ɗaya ne tal, ya yi ƙiba ya cika wurin, an rubuta masa Yanzu. A samansa kuma da jan rubutu: taki ya iso sito, yau ce ranar ƙarshe, duk manomin da bai sabunta ya nuna sabuwar lambarsa ba an cire sunansa.

Matata Lami tana dama koko ta ce, "Malam, lafiya kake girgiza waya kamar mai bokanci?"

Na ce, "An sace Anjima."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya sa ɓarawon ya biyo ta bakinka ya haɗa da wanda ke ciki. Ƙofar banɗakin nan tun kafin azumi take jiran anjima." Ta miƙo mini koko ta ƙara da cewa, "Masararka ta kai gwiwa, ganyenta ya fara rawaya. Ka dawo gidan nan da taki, ba da labari ba."

Ban kai kofin baki ba na ji murya ta kan katanga. Maƙwabcina ne Iorfa, Batibe manomin doya da masara, wanda muka yi shekaru katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma rabinta ta zube ba wanda ya ga dalilin gyarawa.

"Malam Babandi! Abeg zo ka duba mini wannan waya, ya haukace. Kai ka ce in rubutu ya fito in danna na hagu. Yau na hagu ya gudu."

Na ce, "Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, maƙwabci. Nawa ma ya gudu. Cewa suka yi dole mu sabunta."

Sai ya ce, "To wai wannan sabunta da suke ta faɗa, ba tallan sabulu ba ne?"

Ashe bawan Allahn nan shekara guda yana ɗauka wata mata ce mai suna Manhaja take tallan sabulunta, yana ce mata anjima saboda yana da sauran sabulu a gida. Na yi masa bayani cewa sabuntawa na nufin su ɗauke wadda kake da ita su kawo maka sabuwa wadda ta fi ta. Ya tambaye ni me tsohuwar ta yi. Na ce ba ta yi komai ba. Ya ce, "To sabon zai yi mene?" Na ce ya bar ni in sha kokona kada ya huce.

Muka zauna a dakalin ƙofar gida, muka danna Yanzu tare, kamar masu yanka ragon haɗin gwiwa. Ana wata ga wata. Wayoyin biyu suka amsa da baki ɗaya: babu wuri, a goge wasu abubuwa.

Nan na gane sabon salon nan ba baƙo ba ne mai zuwa da tabarmarsa. Irin baƙon nan ne da sai an fitar da 'ya'yan gida tsakar gida kafin ya kwanta. Na shiga share-share. Furannin barka da Juma'a da dangi ke turo mini, waɗanda da na gaske ne da na buɗe lambu, suka tafi. Bidiyon wani mai wa'azi da aka turo mini ta hanya bakwai, ya tafi. Hotunan bikin ɗan ƙanena, inda a kowane hoto ina cikin tauna, su ma na sallame su ba tare da baƙin ciki ba. Da ƙyar wayata ta ce wurin ya isa, amma daidai wa daida, ko allura ba za ta ƙara shiga ba. Ban fara saukarwa ba tukuna, na tsaya taya Iorfa nasa share-sharen.

Na Iorfa ya fi wuya. Wayarsa tsohuwa ce, cikinta ƙarami, kuma shi mutum ne mai ɗaukar hoton duk wata babbar doya da ya haƙo kamar an yi masa haihuwa. Yana gogewa yana yi musu bankwana. "Wannan na gonar Assakio ne, mutum biyu suka ɗaga shi. Sai wata rana." Waƙoƙin mawaƙan cocinsu suka bi baya. Hoton akuyarsa da aka sace, wanda yake ajiye da shi ko za a dace, shi ma ya tafi. Wayar ta ce saura kaɗan. Ya goge, ta ce saura kaɗan. Har aka zo kan abu na ƙarshe, wani bidiyo guda, babba. Sai ya kife wayar a cinyarsa.

Ya ce, "Wannan ba na taɓawa."

Ban tambaye shi ba, don na sani. Matarsa Dooshima ta rasu bara da kaka, bayan gajeriyar jinya. Mace ce da ba ta yarda a ɗauke ta hoto, in ka ɗaga waya sai ta rufe fuska da faifai. Wata rana tana neman tocilan a wayarsa don ta leƙa cikin buhu, ta danna bidiyo ba ta sani ba, ta ajiye wayar a kan benci ta ci gaba da aikinta. Ba a ganin komai a cikinsa sai kwanon rufin kicin da ya sha hayaƙi. Amma ana jin komai: taɓarya tana sauka a turmi, kaji, ita tana rera wata waƙa a hanci, sannan ta ɗaga murya ta kira shi. Iyakar abin da ya rage masa na muryarta ke nan a duniya.

Muka nemi dabara. Wurin sa memori a wayarsa ya karye tun ranar da ta faɗi a gona. 'Yarsa Mimidoo tana makaranta a Makurɗi, wayarta kuma ƙarama ce mai maɓallai, ba ta san bidiyo ba. Muka bi ta shagon Cordelia mai caji ko za ta juye mana a kwamfutarta, muka tarar da kwaɗo, maƙwabta suka ce babu wuta, mijinta kuma yana gidan mai da jarka tun jiya. Ni kuwa na san wayata za ta iya ɗaukar bidiyon nan tsaf, amma wurin da na share na taki ne. Sai na ɗaga kai ina duba hadari kamar an tambaye ni ko za a yi ruwa.

Iorfa ya ce, "Mu je wurin oga na sito. In ya gan ni da ido, ai zai gane ni mutum ne."

Allah sarki, maƙwabcina. Har yanzu yana da irin wannan tunanin.

Siton yana can bakin gari ta hanyar Doma. Tun daga nesa muka hango mutane sun taru a kan wani tsohon suri, kowa ya ɗaga hannu sama. Mai keken da ya kawo mu ya taka birki yana salati, ya ɗauka 'yan fashi ne suka tare hanya. Ashe sabis ake nema. Masu hikimar da suka zaɓi wurin rabon takin waya sun zaɓi wuri ɗaya tilo a ƙasar Lafiya da sabis ba ya sauka, sai a kan gidan gara. A jinjina musu, irin wannan basira ba a makarantar kusa ake samun ta ba.

Na hau suri ni ma, na ɗaga hannu, sabon salo ya fara saukowa, ɗan layi yana tafiya kamar hawainiya ta ji ciwo a ƙafa. Kusa da ni wata mata ce daga Assakio mai suna Rekiya, goyo a baya, waya a sama.

Ta ce, "Baba, naka ya kai ina? Nawa ya kai wuya sau biyu, kira ya shigo, ya koma farko. Wanda ya kira kuma mijina ne, wai yana tambaya ko ya gama."

A bakin ƙofar sito akwai tebur, a bayan teburin akwai wani ma'aikaci mai suna Mahmuda, da igiyar katin aiki a wuya da tabarau a goshi. Na hango Iorfa ya je gabansa ya cire hula.

"Oga, sannu da aiki. Ga ni, ga katina, ga tsohon lamba. Waya na ne ba shi da wuri."

"Ka goge wani abu."

"Na goge duka. Saura ɗaya, na matana ne, ya rasu."

Mahmuda ya ce, "Allah ya ba da haƙuri. Amma ba ni ba ne, baba, sistem ne. Sistem bai san ka ba sai ka sabunta."

"Oga, bara sistem ya san ni. Ni ban canza ba. Gona ma yana wurin da yake."

"Ƙarfe huɗu muke rufewa. Na gaba!"

Ban zargi Mahmuda ba. Wannan sistem ɗin shi ne babban ma'aikaci a ƙasar nan yanzu. Ba a taɓa ganinsa ba, ba ya zuwa jana'iza, ba ya amsa gaisuwa, amma duk laifin da aka yi shi ya yi, kuma har yau ba a sauya masa wurin aiki ba.

Iorfa ya dawo gindin surin ya zauna a ƙasa. Na san lissafin da yake yi, don ni ma shi nake yi kullum. Masarar da ba ta sha taki a wannan makon ba, kara za a girba. Shi kuma da masarar yake riƙe 'yarsa a makaranta kafin doya ta nuna. Gaba kura, baya sayaki. Ya dubi wayar, ya ce, ba da ni ba, "Bari in ji shi sau ɗaya."

Ya kunna. Lasifikar wayarsa ta fashe, ba ta san a hankali ba, don haka duk wanda ke kan suri ya ji. Taɓarya: dum, dum, dum. Zakara ya yi cara a inda ba a tambaye shi ba. Sai muryar Dooshima, garau, kamar tana bayan katanga. Da yarensu ta kira shi. Can daga nesa aka ji muryarsa shi, da Hausa, yana cewa, "Anjima!" Ita kuma ta mayar masa da Hausar, yadda take yi in tana so maƙwabta su zama shaida:

"Anjima, anjima! Kullum anjima! Sakwara bai san anjima ba, Iorfa. Ka zo ka ci tun yana da zafi!"

Wasu suka yi dariya, sannan suka dubi fuskarsa suka haɗiye sauran. Rekiya ta sauke hannunta a hankali, ta manta da sabis. Ni kuwa na san wannan muryar, kuma na san wannan sakwarar. Duk Kirsimeti Iorfa kan kawo mini kaza in yanka da hannuna don mu ma mu ci, ita kuma ta aiko mana da kwano har da murfi ba ya rufuwa. Ranar da Lami ta kwanta haihuwar autarmu, ita ta riƙe mana gida.

Bidiyon ya ƙare a kan kwanon rufi. Iorfa ya shafa fuska da hularsa. Ya danna, wayar ta tambaye shi: a goge? Na ga babban yatsansa, mai kaushin fartanya, ya nufi wurin.

Na dubi tawa. Layin ya kusa kaiwa ƙarshe, saura ɗan ƙiris. Kada ku ɗauka ni waliyyi ne. Cikina ya yi magana, masarata ta yi magana, Lami ma na ji muryarta sarai tana cewa taki, ba labari ba. Amma kunya ta fi su baki. Na ce a raina, Babandi, ka ci sakwarar matar nan shekara da shekaru, yau kana tsaye a kan gidan gara kamar tutar makaranta, za a binne ta karo na biyu a gabanka saboda buhu.

Na ce, "Iorfa, ɗaga yatsan nan."

Na katse saukarwar. Da na tashi yi ma sai na haɗa da ita kanta Takinka na tumɓuke ta daga wayata, ta tambaye ni wai na tabbata, na ce ban taɓa tabbata da wani abu kamar yau ba. Muka haɗa wayoyin ta bulutut, Dooshima ta taso daga wayarsa ta tare a tawa, da turminta da kajinta da kwanon rufinta. Sai da muka kunna a tawa har ƙarshe, ya ji da kunnensa ba abin da ya ragu, sannan ya goge nasa.

Ya ce, "Malam Babandi, takinka fa?"

Na ce, "Hau suri, lokaci na tafiya. In ka samu ka sam mini a gwangwani."

Ya hau. Mutanen suri suka matsa masa ya tsaya a ƙololuwa, inda sabis ya fi kauri. Wani dogo daga Doma ya karɓi wayar ya ƙara mata tsawo. Rekiya ta tsaya gadi tana gargaɗin kowa kada wanda ya kuskura ya kira shi. Layi ya ja, ya tsaya, ya ja. Ana saura kaɗan a rufe, wayar ta yi ƙara: an sabunta. Suri ya ɗauki tafi kamar an ci ƙwallo. Muka rako shi gaban tebur gaba ɗayanmu, muka leƙa ta kafaɗarsa don mu ga wannan sabon salo da ya cinye doya da akuya da mawaƙan coci.

Da farko kiɗa ya tashi. Sai hoton Mai Girma Sarkin Yanka Zare ya bayyana, ya cika fuskar wayar. A tsohon salo hularsa fara ce. A sabon salo hular ta koma mai aiki, an ƙara masa sanda, kuma yanzu hoton yana motsi, yana ɗaga mana hannu. A ƙasa an jera sababbin sarautun da ya samu daga bara zuwa bana, sai da Iorfa ya ja da yatsa sau uku kafin su ƙare. Ashe wurin da aka ce mu share, hula za a ajiye. Gani ya kori ji.

Daga ƙarshe maɓalli ya fito: Karɓi takinka. Iorfa ya yi alamar gicciye, ni na yi bismilla, ya danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Sannan rubutu ya fito, ni na karanta wa jama'a da ƙarfi, tunda ni ne mai tabarau:

"Mun gode da ka sabunta. A gwada anjima."

Wallahi sai na ji kamar na yi karo da ɓatacciyar akuyata a gidan mai unguwa. Na ce, "Ga shi nan! Jama'a, ga Anjimana! Ashe ba ɓata ya yi ba, ƙarin girma aka yi masa, ya koma ɓangaren gwamnati."

Mahmuda ya sauke tabaransa ya ce wannan matsalar netwok ce daga sama, amma duk wanda ya sabunta sunansa ya tsira. Aka tambaye shi takin fa. Ya ce yana hanya. Aka ce ai saƙo ya ce ya iso. Ya ce ya iso hanya. Wani ya leƙa ta tagar sito ya ce shi dai bai ga komai ba sai kujerun roba da aka yi taron bara da su, da wata tunkiya da ta samu inuwa. Mahmuda ya naɗe tebur ya ce mu dawo. Ba sai na faɗa muku yaushe ba.

Da la'asar na shiga gida hannu rabbana. Lami ta dubi hannuwana, ta dubi bayana ko buhun yana tafe da ƙafarsa.

"Malam, ina taki?"

"An cire sunana."

"To, labarin ne ke nan. Bismilla, ina ji."

Na kunna bidiyon na ajiye wayar a kan tabarma. Taɓarya ta fara sauka. Lami ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai waƙar hancin nan ta taso, ta tsaya da ludayi a hannu. Da Dooshima ta zo wurin sakwara bai san anjima ba, Lami ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Da ta ɗago, cewa kawai ta yi, "Ƙara kunnawa." Maganar taki ba ta sake fitowa daga bakinta ba, sai dai washegari ta ce in kwashe kashin kaji da na awaki in kai gona, tunda su ba sa neman a sabunta su.

Yanzu kullum in rana ta yi sanyi, Iorfa kan tsallako ta inda katanga ta zube, ya yi sallama ya zauna a dakali. Ba ya tambaya, ni ma ba na jira ya tambaya. In miƙa masa wayar, in tashi in ba shi wuri, wai zan duba akuya. Bidiyon ba zai koma wayarsa ba, don hular Mai Girma ta cika ko'ina. Shekaranjiya ma ya nuna mini wani saƙo: sabon salo ya sake fitowa, wanda ya fi na Litinin girma. Ina jin an naɗa wata sarautar. Ya tambaye ni me zai goge wannan karon, na ce ya gwada goge lambar surukansa. Masararsa da tawa suna nan gefe da gefe suna rawaya tare, mai suna a sistem da marar suna, ba ka bambance su.

Jiya kuma wayata, da nata iyayin, ta kawo mini shawara. Wai ta lura akwai wani bidiyo babba da ke cin wuri, ba a ganin komai a cikinsa sai rufi, ko in goge? A ƙasa ga maɓalli biyu, na dama da na hagu, na hagun kuwa Anjima ne. Ran masu girma ya daɗe, ku riƙe naku Anjiman, na ga alama kun fi ni buƙatarsa. Wannan nawa ne. Na lashi babban yatsa na dangwala masa, kamar ranar zaɓe, kuma a duk dangwale-dangwalen da na yi a rayuwata, wannan kaɗai na tabbata an ƙirga.